Gidan Zanzaro

Mun baro tsibiri da karfasa kwando biyu,
rana ta karkata bayan duwatsun Lagdo,
sai injin ya yi tari uku, ya yi gum,
irin na dattijon da aka katse wa magana.

Injin nan ya girme ni.
Da kuɗin giwan ruwa Baba ya sayo shi a Garwa.
Fenti ya tafi, sunan kamfani ya goge,
murfin ma da robar tayar keke muke ɗaure shi.

Na ja igiya, ya tashi.
Ba mu yi nisan jifa ba ya sake mutuwa.
Na ja, na ja, har kafaɗa ta fara ƙara.
Sajo, ɗan ƙanwata, yana kwalfar ruwa da ƙwarya,
yana kallona ta wutsiyar ido.

Baba kan ce: abincin inji biyu ne, wuta da mai,
in ya yi yaji, fara bikon wuta.
Na kwance fulogi, bakinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Na kankare shi da kan wuƙa, na jingina a jikin ƙarfe,
na ce, "Sajo, ja."
Tartsatsi ya fito shuɗi shar,
ya bi ta yatsana har cikin haƙori.
Yaron ya tuntsire da dariya. Wuta dai lafiyarta lau.

To, mai ke nan.
Zuciyata ta tafi kan Hamajam mai zuwa-zuwa,
wanda kwalbarsa ba ta cika sai da taimakon rijiya.
Na tsiyaya kaɗan a kwalba, na ɗaga wa sauran haske,
ina jiran ruwa ya kwanta a ƙasa in sami abin faɗa.
Babu ko ɗigo.
Allah ya yafe mini, na riga na zagi mutum har kakansa.

Na shimfiɗa riga a cinya, na buɗe kafireta.
Ƙananan kusoshi kamar ƙwayar gero,
in ɗaya ta faɗa tafki, sai dai a tambayi tarwaɗa.
Na busa kowace kafa, na zura zaren waya,
bakina ya cika da ɗacin fetur.
Na mayar. Ya tashi. Ya mutu.

Can gefen ciyayi dorina ta yi atishawa.
Sauro ya fara sallama.
Kifin ya soma canza ido.

"Kawu," in ji Sajo, "tankin nan ya rame."
Na ce ya rufe mini baki.
Sai na duba.
Cikin tankin ya lotsa kamar na karen da ya kwana uku bai ci ba.
Na murɗa murfi, ya ja iska, fuuu,
kamar mai nutso da ya taso.

A ɗan hujin murfin, inda allura ce kawai za ta shiga,
zanzaro ya yaɓa laka, ya yi ginin gadonsa,
kwana goman da na yi ina jinyar zazzaɓi.
Da ƙayar kifi na rushe masa gida.

Ja ɗaya.
Tsohon ya yi gyaran murya, ya tofar da hayaƙi,
ya ɗauki hanya kamar ba shi ya yi ba.

Mun iso gaɓa an idar da isha.
Hajja Dudu ta ɗaga kunnen kifi da tocila,
ta zabge sefa dubu biyu ba ko tausayi.
Na so in ce kwayil ne ya ba ni wuya,
abin da ya dace da mai furfura a gemu,
amma kafin in ɗaure jirgi
Sajo ya kai labari har teburin Hamajam,
da ɓarɓashin lakar a tafin hannunsa.